Tsohuwar durowar da Kawu ya sawo a Kwatano

Jiya na leƙa gidan Kawu a unguwar Zariya in gaishe shi, sai na iske an fiddo wata tsohuwar durowa tsakar gida, mai aljihu biyar, ja wur kamar an shafa mata manja. Wai cikin kayan Turai na hannu ya tsinto ta a Kwatano, mai kayan ya rantse mishi ta katakon mahogani ce, aikin Ingila. Inna kuwa sai faɗa take, wai kuɗin da zai sayi sabuwar kwaba ya kai wa tarkace.

Kafintan da aka kira ya gyara mata ƙafa shi ya sa na tsaya. Ya zaro aljihu guda ya kifa shi, ya ce Alhaji duba nan, babu ƙusa ko ɗaya, katakon an yanka shi haƙori-haƙori an sarƙe, kuma haƙoran ba su yi daidai da juna ba, alamar hannu ne ya yi ba inji ba. Abin da ya ba ni mamaki, jan katakon a fuska kaɗai yake, siriri an manna, ciki wani katako ne daban, haka da yawan kafintocin da suke yi saboda tsadar shi.

Ashe itacen ma ba a Ingila yake fitowa ba, daga Jamaika da Kuba da Honduras ake kawo shi ta jirgin ruwa, kuma bayi ƴan Afirka ne ke sarar shi a daji, wannan kam ya tsaya mini a rai. Tun da aka cire harajin katakon ƙasashen da Ingila ke mulka a 1721, mahogani ya cika musu kasuwa. Chippendale, shahararren kafintan Ingila da kowa ke ambato, shagon shi a Landan yake a lokacin, littafin zanen shi ya fito 1754, kafintoci ko'ina suka riƙa kwaikwaya, shi ya sa ba kowace durowa aka ce Chippendale ce ta fito hannun shi ba. Ƴan Gillow, wasu kafintoci na garin Lancaster a Ingila, su kan buga sunansu a bakin aljihu, mun duba ta Kawu tas ba mu ga komai ba.

Kafintan ya ce ɗan uwan mahogani ai maɗacin nan ne namu na bakin titi. Ya dai ja kunnen Kawu kar a bar ta kusa da taga in hunturu ya shigo, tsagewa za ta yi. Inna har ta fara jera zannuwanta a aljihun ƙasa.