Kumasi: kwatar Aboabo da masara mai saurin nuna

Hanyar Akra zuwa Kumasi a ƙasar Ghana ba ta da wani labari, sai daji kore shar. Ziyarar ɗan yayata ce ta kai ni. Yana karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, KNUST, ƙarƙashin shirin WASCAL, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa don horar da ɗaliban Afirka ta Yamma kan sauyin yanayi.

A unguwar Aboabo na sauka, gidan wata Hajiya da kakanninta suka zo fataucin goro. Koko da ƙosai kowace safiya, ta kuma rantse ba za ta karɓi ko sisina ba. Ita ta ja ni bayan gida ta nuna min shatin ruwan ambaliya a bango, ya kai ƙugu. Rafin Aboabo na gefe, cunkushe da leda.

"Kawu, ba ruwan sama kaɗai ba ne," in ji yaron. Ya ce yanzu ruwa kan zubo da yawa lokaci guda, fadamun da ke shanye shi kuma duk an gine su, an shafe ƙasa da siminti. Abin da ya burge ni, shi da abokansa ba sa tsayawa kan hoton tauraron ɗan Adam. Na gan su zaune kan tabarma gaban dattawan Zango, suna tambayar ta ina ruwa ke bi a da, suna zanawa a taswira. Wani tsoho ya gyara musu, suka goge suka sake. Mu a Kano kwatar Jakara nawa aka rubuta a kanta? Wa ya taɓa tambayar masu kwana a bakinta?

Sai na leƙa Fumesua kusa da Kumasi, inda cibiyar binciken amfanin gona take. Nan aka fitar da irin masara Abontem da Omankwa a 2010, masu jure fari da wuta-wuta. Damina biyu mutanen yankin suke da ita, kuma ƙaramar, ta Satumba zuwa Nuwamba, ta daina riƙe alkawari, don haka manomi ke neman iri mai saurin nuna.

Tsada kam akwai ta, kuɗin mota ya ƙona min aljihu. A kasuwar Kejetia dai na yi ciniki da Hausa zalla, mai goro ya yi min ragi har da gyara. Fadar Manhyia, ta sarkin Asante, daga waje na hango ta, mota na jira.