Ƙananan ɗakuna a cikin cibiyar ƙwayar halitta

Ƴan uwa ɗaliban kimiyyar halittu na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, zanen da muka saba gani yana nuna cibiyar ƙwayar halitta kamar kwano ɗaya da ADN, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, a ciki. A gaskiya tana da ɗakuna, kuma babu fatar da ta kewaye su. Furotin da ARN, wato zaren da ake kwafowa daga ADN, ne ke taruwa su ware kansu, kamar ɗigon man gyaɗa a cikin ruwa.

Mafi girma shi ne nukiliyol. Yana kafuwa a kan sassan kuromozom (ƙullin ADN) masu lamba 13, 14, 15, 21 da 22, inda wani furotin mai suna ARN polimeraz I ke kwafo dogon zaren ARN ɗaya, a yanka shi gida uku masu suna 18S, 5,8S da 28S, a haɗa da furotin a gina ribozom, wato injinan da ke ƙera furotin. Ƙwayar da ke saurin rarrabuwa tana buƙatar ribozom da yawa, shi ya sa likita mai duba nama a madubin ƙara girma yake lura idan nukiliyol ya kumbura, don ana yawan ganin haka a ciwon daji.

Akwai jikin Cajal, wanda masanin kimiyya Ramón y Cajal ya bayyana a 1903. Nan ake kammala injinan gyara ARN.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne jikin PML, ɗakunan da wani furotin mai suna PML ke kafawa. Idan kuromozom 15 da 17 suka yi musayar gaɓa, ɗakunan nan suna tarwatsewa, wani nau'in sankarar jini ya taso. Ana ba majiyyaci magunguna biyu, ATRA (dangin bitamin A) da arsenik, ɗakunan su sake haɗuwa, kuma yawancin masu cutar suna warkewa.