Dokin nan ya hana ni barci

Jiya da dare na gama sake karanta Gandun Dabbobi, littafin George Orwell na 1945 da ya zana juyin juya halin Rasha na 1917 da mulkin Stalin. Ina ɗan makaranta, dariya kawai nake wa aladun da ke mulkin sauran dabbobi a labarin. Yanzu kuwa dokin nan Boxer ne ya tsaya mini a rai. Ya yi ta jan duwatsu har ƙarfinsa ya ƙare, sai aladu suka sayar da shi ga mahauta, suka sayi barasa da kuɗin. Wallahi cin amanar bai ƙona ni kamar yadda ake sauya dokokin gandun guda bakwai da aka rubuta a jikin bango da dare ba, gari ya waye dabbobin suna zargin ƙwaƙwalwarsu da mantuwa.