Laraba, ranar 'yan aji huɗu a laburare

Bayan an dawo daga tara aka turo mini 'yan aji huɗu. Sun shigo a layi, hannuwa a baya, ba wanda ya kusanci kantar littattafai. Ban ga laifinsu ba. Tun suna aji ɗaya abin da suke ji shi ne littafi na kabad ne, wanda ya yaga kuma babansa zai biya. Wannan tsoron na fara cire musu. Na ce kowa ya je ya ɗauko wanda ransa ke so, ya buɗe, ya juya shafi daga kusurwar sama, ba tare da an lashi yatsa ba.

Daga nan muka shiga maganar lambobin da ke manne a gadon bayan littattafan. Tsarin Dewey muke bi, wanda wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fito da shi a 1876, ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Ban cika musu kunne da tarihi ba. Cewa na yi su tuna kasuwa: layin 'yan goro daban, na 'yan atamfa daban, ba ka neman manja a rumfar takalma. Addini na 200, harsuna 400, kimiyya 500, tarihi da labarin ƙasa 900. Nan take suka gane.

Sai na ce a nemo mini littafin awaki. Duk suka yi dafifi a 590, wurin dabbobi, suka laluba ba su samu ba. Wani yaro da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu.

"Malama, ai akuya ba ta daji ba ce, kiwonta ake yi. Ko tana wajen noma?"

Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce ya je ya duba. Ya bi kantar 630 da yatsa har ya tsaya a 636, inda kiwon dabbobi yake, ya zaro shi. 'Yan ajin suka yi masa tafi ba wanda ya sa su. A gidansu shi ke yanko wa awaki ciyawa, kuma da wannan sanin ya yi lissafinsa.

Na raba musu guntayen kwali da na yanka daga katan ɗin sabulu. Duk wanda ya cire littafi sai ya soka kwalinsa a gurbin, don ya san inda zai mayar. Na nanata wannan sosai, domin littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba, sai a yi zango guda ana nemansa.

Ƙararrawa ta katse mu kafin mu kai ga shafin abubuwan da ke ciki, sai mako mai zuwa. Wata yarinya ta tsaya tana tambaya ko za ta iya tafiya gida da nata. Har yanzu ba a yarda da aro ba. Na riga na ja layi a sabon rajista, da gurbin suna da aji da ranar dawowa. Gobe da safe in Allah ya kai mu zan kai wa hedimasta, in roƙe shi mu gwada da wannan ajin.