Yau na canza kwas ɗina

Laraba da dare, Argungu.

Yau dai na yi abin da na kwashe wata biyu ina juyawa a raina, na canza kwas a JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, daga likitanci zuwa aikin gona.

Tun asuba barci ya ƙi. Da Baba ya dawo masallaci na iske shi zaure na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ina son in tafi Birnin Kebbi in gyara fom ɗina. Ya daɗe yana jan tasbaha bai ce komai ba, can sai ya ce "to likitan da kake gaya ma Innarka tun kana firamare fa?" Wallahi maganar ta taɓa ni, don da bakina na faɗa. Amma ni na san ba aikin asibiti nake so ba, sunan nake so, a ce ɗan gidan wane dakta ne. Ga kuma maki na 231 cikin 400, wanda duk ya san harkar ya san da wuya a ba ka likitanci da wanga maki, in na nace sai dai in zauna gida shekara guda ina jiran wata jarrabawa.

Sai na ce Baba ka tuna damunar 2020 da ambaliya ta cinye shinkafarmu a fadama, ka yi kwanaki ba ka cin abincin kirki? Kuma duk noman rani muna kashe kuɗin fetur a injin ban ruwa, muna zuba takin yuriya da NPK da ka kawai, babu wanda ya taɓa ɗibar ƙasar gonarmu ya auna ya gaya muna abin da take buƙata, shekarar da ta yi kyau mu ce Alhamdulillah, wadda ta ƙi ba mu san dalili ba. Ga kamfanin WACOT cikin garinmu, ga Labana a Birnin Kebbi, duk shinkafa suke nema. Ni so nake in san ƙasar nan da ilimi, in san wane iri ke jure ruwa.

Ya ce Allah shi yi albarka, ya laluba aljihu ya ba ni kuɗin mota.

A wurin CBT ɗin, inda ake rubuta jarrabawar JAMB da kwamfuta kuma ake gyaran fom, layi ne har waje, ga rana, netwok yana zuwa yana ɗaukewa, sai bayan azahar aka zo kaina. Abin da ya taimake ni Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks na rubuta, su ɗin dai sun isa aikin gona. Na yi tunanin jami'ar aikin gona ta Zuru amma ta yi nisa, na sa jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero a zaɓin farko. Shekara 5 ne karatun, har da shekara guda ta aiki cikin gona. Da na dangwala yatsa aka miƙo min takardar sai da na karanta ta sau uku kafin in fito.

Inna ce har yanzu ba ta sake ba. Ta ajiye min tuwo ta ce "noman da muka sa ka boko don ka huta da shi," ta shige ɗaki. Ban bi ta ba, gobe in ta huce zan zauna da ita. Baba kuma ya aiko ƙanena ya ce in shirya da sassafe, za mu fadama duba iri.