Abin da Sauya Giyabos ɗin Akori-Kura Ya Koya Mini a Apo

A garejinmu da ke Apo, nan Abuja, motocin Japan ne abincinmu na yau da kullum. Amma jifa-jifa akan shigo mana da akori-kurar Amurka mai silinda takwas, kuma yawanci ciwo ɗaya ke kawo su, wato giyabos mai sauya giya da kansa. An ƙara wa inji ƙarfi, ko an maƙala wa mota tirela tana jan kaya, sai giya ta uku ta fara zamewa, man giya ya koma baƙi yana warin ƙuna.

Wadda ta fi buɗe mini ido ita ce Chevrolet Silverado SS, samfurin da kamfanin GM ya fara fitarwa a 2003 da inji mai lita 6.0 da ƙarfin doki 345. Giyabos ɗin da ta zo da shi 4L65E ne, wato 4L60E da aka ɗan ƙara wa ƙwari. Mai motar, wani Alhaji da ke yawan zirga-zirga tsakanin Abuja da Jos, ya riga ya sa an ɗora wa injin na'urar da ke cusa masa iska don ƙarin ƙarfi. An taɓa buɗe giyabos ɗin a wani wuri an sake masa faifan kuloci, bai jima ba ya sake ƙonewa. Duk wanda ya san wannan dangin giyabos ya san inda lagonsa yake: kulocin da ke riƙe giya ta uku da ta huɗu ƙarami ne. Ka haɗa shi da injin da aka tsokana, sannan ka bi da shi Hawan Kibo da kaya a baya, ai ba zai kai labari ba.

Shawarar Oga ita ce a sa 4L80E. Wannan giyabos ya fito a 1991, kuma daga tsatson giyabos TH400 na 1964 yake, wanda tsofaffin bakanikai ke yabon juriyarsa. GM ya riƙa sa shi a manyan akori-kura irin su 2500 da motocin ɗaukar kaya. Sai dai kafin mu taɓa ko noti ɗaya, Oga ya zaunar da Alhaji a benci ya ce masa, "Ranka ya daɗe, motarka za ta daina ƙona giya, amma tashinta daga tsaye ba zai yi zafin da ka saba ba, kuma za ta ɗan ƙara shan mai. In ka yarda da wannan, mu fara."

A lokacin ina ganin kamar Oga zai kori ciniki ne. Da ya zana mini lissafin a bayan kwali na ga dalilinsa. A giya ta ɗaya, tsohon giyabos yana ninka ƙarfin inji sau 3.06, sabon kuwa sau 2.48 kawai. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan ya tafi daga abin da ke fizgar mota idan an taka totur a danja. A giya ta huɗu tsohon 0.70 ne, sabon 0.75, ma'ana injin da ke juyawa sau 2,000 a minti kan babban titi zai koma wajen 2,140 a gudu iri ɗaya. Ga shi kuma sabon ya fi nauyi sosai, kayan cikinsa ma sun fi cin ƙarfi kafin su juya. Mutumin da ya sayi irin wannan mota don jin daɗin fizgarta, in ba a faɗa masa tun farko ba, zai hau ya ce an lalata masa ita, ko da aikin ya yi kyau. Ana iya dawo da wani ɓangare na zafin tashin ta hanyar zaɓen konbata, wato na'urar da ke miƙa ƙarfin inji ga giyabos, mai barin inji ya ɗan ɗaga murya kafin ta kama, amma ita ma ɗumama man giya take yi, don haka ba a zaɓenta da ka.

Ɗaga giyabos a ɗaure shi bayan inji shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Wahalar tana kewaye da shi. Ƙarfen da ke tallafe giyabos daga ƙasa sai an matsar da shi. Farfela sai an sake aunawa an kai wa mai walda, sannan a daidaita ta, don farfelar da ba ta daidaita ba tana sa mota rawa har ta cinye borin. Sandar da ke fitowa daga bayan tsohon giyabos haƙora 27 gare ta, ta sabon 32, kuma tunda wannan mota da ƙafa huɗu take ja, dole akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya shi ma a sama masa abin da zai shiga. Tsakanin inji da konbata akwai tazarar da ake aunawa da kyau, in an matse ta fiye da kima famfon man giya ne zai fashe.

Sai kuma ƙwaƙwalwar mota, inda ɗan riwaya ya zama shi ne ogan kowa. 4L80E yana son na'urar auna gudu biyu, ɗaya a shiga ɗaya a fita, kuma tsarin da ake kunna bawul-bawul ɗinsa na lantarki ya bambanta da na tsohon. Dole a sauya wasu wayoyi a soket, a kuma sake loda wa ƙwaƙwalwar bayanan sabon giyabos da kwamfuta. Idan wuta ba ta isa gare shi yadda ya kamata ba, sai ya maƙale a giya ta biyu ya ƙi sauyawa. Na sha ganin an zargi lafiyayyen giyabos a kan haka, an sauke shi a banza, alhali waya ɗaya ce ba ta zauna ba.

Zafi kuwa ba na wasa da shi. Man giya ya fi son zama wajen digiri 80 zuwa 90, in ya daɗe sama da 120 ya fara mutuwa ke nan, kuloci na biye da shi. Wanda ya san zafin Abuja a watan Maris da cunkoson Nyanya da Mararaba ya san ƙaramin lagireton sanyaya man giya da ke cikin na ruwa ba zai wadatar ba. Mun ƙara babba a gaba, muka sa agogon zafi inda direba zai riƙa gani, muka zuba man giya Dexron na gaske, ba jan man da ake aunawa a galan ba.

Ni a ganina ba kowace mota ke buƙatar wannan aiki ba, kuma raina yana ɓaci idan na ga ana tallata shi ga kowa. Wanda injinsa ke nan yadda kamfani ya yi shi, ba ya jan tirela, gyaran tsohon giyabos da kaya masu kyau da ƙarin lagireto ya ishe shi, kuɗinsa su zauna a aljihunsa. Wanda kuma zai sauya, kada ya yarda a ɗaura masa ɗan Beljiyam ba a buɗe kaskon ƙasa an ga abin da ya kwanta a kan maganaɗisu ba.

Bayan an gama, mukan ce mai mota ya dawo da ita a duba, kuma ba giyabos ɗin muke fara leƙawa ba. A da, idan ƙarfi ya yi yawa kuloci ne ke zamewa ya shanye shi. Yanzu ba ya zamewa, duk abin da inji ya bayar yana wucewa kai-tsaye zuwa gaɓoɓin farfela da akwatin raba ƙarfi da aksil. Su muke girgizawa da hannu mu ji ko sun fara sako-sako, mu zare man aksil mu duba ko da ɓurɓushin ƙarfe a ciki.