Na kalli wasan Karagöz a Bursa

Jama'a, na kalli wasan inuwa na Turkawa a gidan tarihin Karagöz da ke birnin Bursa a Turkiyya, na kuma sha dariya duk da ba na jin Turkanci.

Farin ƙyalle aka ɗaura, fitila a bayansa. Mutum ɗaya, wanda suke kira hayali, shi ke juya 'yan tsanan da sanduna, shi ke yin muryar kowa. Da fatar raƙumi ko ta shanu ake yin 'yan tsanan, a kankare ta har haske ya riƙa ratsawa, sannan a rina. Da na matsa kusa, na ga har ƙananan hudojin da aka yi wa rigunansu ado da su.

Taurarin wasan su ne Hacivat da Karagöz. Hacivat mai ilimi ne mai iyayi, Karagöz kuwa talaka ne mai baki, kullum sai ya murɗe maganar abokinsa ta koma shirme. Ana cewa leburori ne da suka yi aikin wani masallaci a Bursa zamanin Sarki Orhan, barkwancinsu ya hana aiki tafiya, aka kashe su. A zamanin Daular Usmaniyya da daren azumi aka fi yin wasan, sai ya tuna mini da tashe.

UNESCO ta sa wasan Karagöz cikin gadon al'adun duniya a 2009. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne matashin da ke bayan ƙyallen, yana kaɗa ganga, yana miƙa wa maigidansa 'yan tsana, yana koyon sana'ar.